Mai Zanen Ƙeya: Daga Anka Zuwa Gummi

Wanda ya shigo Zamfara ta Funtuwa da Tsafe ba ya isa Gusau sai ya ratsa ta gindin dutsen Kwatarkwashi. Direbobi sun san wurin da shingayen jami'an tsaro, dattawa kuma da bikin kamun maiki na zamanin da. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a shekarun 1990 an yi ta tono mutum-mutumin yumɓu a wannan yanki ana sulalewa da su waje, har sunan garin ya shiga bakin dillalan kayan tarihi na Turai. Irin waɗannan gumaka na arewa maso yamma, da ake wa laƙabi da na Sakkwato da na Katsina, ana ƙiyasta shekarunsu kusa da na Nok, wato wajen dubu biyu. Na Sakkwato ba ya ɓuya: gira mai nauyi ta rufto kan ido, ga gemu, fuska a murtuke. A 2000 gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya baje guda ɗaya tare da na Nok biyu, aka yi ta kai ruwa rana, daga baya Faransa ta yarda mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce mini siffanta ɗan Adam baƙon abu ne a ƙasar nan.

Abin da ya fito da ni daga gida wasu hotuna ne da wani abokina, malamin makaranta a Gusau, ya nuna mini a waya. Zanen hannu ne, baƙi da ja a kan farar takarda: mata da goyo, tsoho da sanda, yara a layin ruwa, mai tura baro. Ina ta wucewa da yatsa, can na lura babu fuska ko ɗaya. Duk wanda ke ciki ya ba ka baya. Abokin ya ce aikin wani tsohon ɗalibinsa ne a Anka, in ina son ganinsa sai dai in bi shi can. Ba zan kama sunansa ba. A yammacin Zamfara a yau, wanda aka sani da shiga wurin 'yan gudun hijira da takarda da fensir ba ya bukatar a ƙara tallata shi.

Motar Anka ba ta sammako. Sai rana ta ɗaga, an ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka fito daga can, sannan ɗan kamasho ke kiran fasinja da gaske. Muka bi titin Sakkwato ta Bunguɗu da Maru, a Mayanci muka karya kwana. Tun daga nan hira ta mutu. Direban ya rage rediyo ya ce, "To jama'a, kowa shi kama addu'atai." Sojoji a nan, askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a farkon 2024 a can, tsakaninsu kuwa dogon daji da ƙauyukan da aka kwashe wa kwanon rufi. Wata mata a bayana tana jan carbi har ina jin ƙarar 'ya'yansa.

Anka ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Nan gadon sarautar Zamfara ya zauna bayan doguwar gararamba. Gobirawa a ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa, Zamfarawa suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har suka tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Har gobe Sarkin Zamfara ake ce wa sarkin garin, shi ne kuma shugaban majalisar sarakunan jihar. Yanzu garin ne ke karɓar masu ƙaura. An daɗe da tsugunar da mutanen ƙauyuka a filin sabuwar fadar da ba a gama ginawa ba, wasu a kangaye, wasu a zaurukan dangi.

Shagon mai zanen ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, tsakanin mai cajin waya da mai faci. A ƙofa an jingina allunan da ke ciyar da shi: kawunan aski a jere, kofin shayi yana tururi, sunan wata Islamiyya da koren fenti. Ya taso da sauri ya rusuna. "Malam, an zo lahiya? Ya hanya?" Siriri ne, yatsunsa baƙi ƙirin. Shi da shari'ar Zamfara kusan sa'o'in juna ne, don an haife shi ne a daidai lokacin da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a ƙarshen 1999. Na nuna allon askin na ce ai ga fuskoki nan, ashe ka iya. Ya yi dariya. "Waɗanga ba kowa ba ne, Malam. Ba su da uwa, ba su da uba." Sannan ya ɗaga labulen buhu ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe.

A tsangaya hannunsa ya faɗa. Baffansa alaramma ne, shi ya koya masa feƙe alƙalamin kara da zayyanar allon sauka. A gabana ya haɗa tawada: gawayin da ya niƙe lukui, ƙaron da ya kwana a ruwa, ya dama da ɗan tsinke, ya ɗiga a farcen babban yatsa ya karkata ya ga ko za ta gudu. Ta yi ruwa, ya ƙara gawayi. Ja kuwa daga karan dafi yake samu, irin wanda dukawa ke rina fata da shi. Bayan sallar asuba yake aiki, in ya gama lazimi, kafin gari ya ɗau hayaniya. Ya ce a tsangaya ya fara ganin tawada ta zama magani, a rubuta, a wanke, a ba mara lafiya ya sha. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan tun yana yaro, cewa abin da hannu ya zana yana iya shiga cikin mutum ya yi aiki.

Daga nan ya tafi Kwalejin Ilimi ta Maru neman takardar koyarwa, inda kowane ɗalibi sai ya ɗanɗani ilimin halayyar ɗan Adam. Galibi haddacewa ake yi a ci jarrabawa a wuce. Shi ya maƙale. A wata takardar darasi ya ci karo da gwajin da wata Ba'amurkiya, Florence Goodenough, ta fitar a 1926: a ce wa yaro ya zana mutum, a duba abin da ya sa da abin da ya bari, a auna kaifin hankalinsa. Waya kuma ta kai shi ga Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwan nan na Suwizalan da ya yi shekaru yana zana mafarkansa a wani jan littafi.

Na tambaye shi me ya hana shi amfani da jar ƙasa, ga ta kyauta ko'ina. Ya ce bai yarda da ƙasar Anka ba. Wanda ya san 2010 ba zai ga laifinsa ba. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, da suka fito sa ido a kan sanƙarau, suka gano yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutane suka riƙa kawo dutsen haƙa cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin gari, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen cike yake da dalma. Yaro ya fara amai, ya yi ta jijjiga, ya sandare, shi ke nan. A Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, don ba amfanin wanke wa yaro jini a mayar da shi cikin guba. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet aka saki kuɗin aikin. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata. Wasunsu dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada, a aji ana ce musu daƙiƙai.

Ƙanwarsa na cikin waɗanda suka tafi. Ba ta cika shekara biyu ba, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. "Na yi na yi in tuno huskatta, Malam, ta ƙi zowa. Ƙeyatta kaɗai ni ka gani. Kullum tana bayan inna, ni ina biye da su zuwa rijiya." Ya ciro takardar daga ƙasan akwati. Mace ce da tulu, zanin goyo ya ɗan zame, kan yarinya ya langaɓe gefe guda, ƙananan kitso biyu, kunne ɗaya ya lanƙwashe a jikin kafaɗar uwa. Wanda bai taɓa bin goyo a baya yana kallo ba, ba zai san kunne na yin haka ba.

Akwai kuma wasu manya a kan yadi, da fentin kanti, waɗanda shi ya fi ji da su: mutum ya rabu biyu, rabi haske rabi duhu, ido a tsakiyar tafin hannu, maciji ya naɗe wata. Su yake son aikawa Abuja ko Legas. Na gaya masa ban ga Anka a cikinsu ba, waya na gani. Duk matashin da ya kwana kallon bidiyon Jung, a Kano yake ko a Indiya, abin da zai zana ke nan. Ransa bai so ba. Ya ce ƙeya ai gazawa ce: ga abin da ya kasa tunawa, ga tsoron abin da malamai za su ce, ga mutanen da ba su son a gane su a takarda. Na ce to, gazawar ta fi gwanintar kyau.

Na ba shi labarin Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa a makarantar Slade, ya dawo Khartum ya baje kolinsa, mutanen gari suka sha lemo suka watse. Sai ya koma ga allon mahaifinsa, ya yi ta jan baƙaƙen Larabci har fuskoki da tsuntsaye suka fara fitowa daga cikinsu. A farkon shekarun 1960 ya nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan. A 1975 gwamnatin Numairi ta jefa shi kurkukun Kober wata shida ba shari'a, ya riƙa zane a guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi. A 2013 Tate Modern ta Landan ta baje aikin rayuwarsa, shi ne ɗan Afirka na farko da ta yi wa haka. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya, a kan kwalayen maganinsa ya koma zane don ya ɗauke hankalinsa daga zogi. Saurayin bai ce uffan ba, amma ya sa na rubuta masa sunan a bangon shago.

Yakan je Bukkuyum lokaci-lokaci wurin wasu yara, sai na bi shi. Muka ɗau hanyar Gummi, daga baya muka ratse. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun yi kwanaki suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce an binne wajen mutum 200, gwamnati ta ce 58. Kafin nan da bayan nan kuwa ga harajin noma, ga satar mutane, ga shanun da suka tafi. Waɗanda suka gaji sun tattaro sun matso gefen gari.

A wani kango mai rabin rufi ya shimfiɗa tabarma, ya yayyaga littafin rubutu ya rarraba, da guntayen fensir. Ba ya cewa a zana abin da ya faru. Cewa yake, "Kowa shi zana gidansu." Maza suka duƙufa, kusan duka sai da babur ya shigo takardarsu, mutum uku-uku a kai, bindiga ta fi mai ita tsawo. Wani ya cika shafi da shanu, ya jera mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba ta zana ɗaki da rumbu da kuka, amma ɗakin bango ne kawai, ba ta inda za a shiga. Ya raɗa mini cewa a littafi, gida mara ƙofa alamar yaro ya rufe kansa ne, kuma a da haka zai rubuta ya wuce. Sai ya tsuguna kusa da ita.

"Ƙanwata, ina ƙyauren ɗakin?"

Ta dube shi da mamakin tambayar. "Baba yaɓ ɓalle shi mun taho da shi bisa jaki. Na ƙarhe na. Ga shi can."

Ga shi can kuwa, shuɗin ƙyaure da kwaɗonsa, an kwantar da shi a kan bulo an shanya kuɓewa. Daga maganar ƙyaure ta shiga ta jaki, cewa ya yi gardama a bakin rafi. Daga jaki ta shiga ta daren da suka fito, da kakarta da ta ce ba inda za ta. Idonta na kan takarda tana ƙara wa kukar ganye, nasa ma yana kan takarda. Bai katse ta ba, bai ce Allah sarki ba. Uwarta da ke tsintar shinkafa a gefe ta tsaya da tsinta.

Nan na ga aikinsa na gaskiya, kuma ba shi ne wanda ke cikin akwati ba. Bahaushe bai saba a zaunar da shi a ce faɗi abin da ke ranka ba. Babba yana da kunya da dangana, yaro kuwa ba a ma tambayarsa. Amma in ido na kan takarda, ba kan juna ba, baki na samun hanya. Abin da littafi ya ce ma'anar zane kaza ce kuwa, an rubuta shi ne a ƙasar da ba a ɓalle ƙyaure a ɗora wa jaki. Mai zanen ne kaɗai ya san abin da ya zana, sai a tambaye shi.

Muna shirin tashi wata mata ta jawo ɗanta. "Ɗana, kai da kay yi boko, yaron ga ba shi kwana. Tun randa sunka zo, da yaj ji mashin sai shi ruga shi ɓoye, shi yi ta makyarkyata." An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Ta rage murya ta ce an kai shi wurin wata mai iskoki ma. Bori bai mutu a Zamfara ba, ya dai koma ƙuryar ɗaki. Bai raina ko ɗaya daga cikin abin da ta lissafa ba. Ya ce, "Inna, a ci gaba da addu'a. Amma ni ba likita ba ne, a kai shi asibiti." Ya faɗi haka ya san abin da ke gaba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, can bayan Sakkwato, ga kuɗin mota, ga hanyar da kowa ya sani. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutum fiye da miliyan 200. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sai dai labarinta bai iso kangon nan ba.

Haɗa magani da imani da zane ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. A garin dai, a farkon shekarun 1950, wasu Turawa biyu, Ulli Beier da Susanne Wenger, sun riƙa kai wa masu taɓin hankali da ke jinya a Lantoro takarda da fenti. Amma Lambo likita ne mai asibiti a bayansa. Wannan saurayi takardar koyarwa gare shi da waya, kuma yana kwasar labaran da babba ma sai ya yi da gaske. A mota na tambaye shi, kai wa kake gaya wa naka? Ya ce takarda da sujada. Ban raina su ba, amma ban ga sun isa ba. Mai sauraron mutane yana bukatar wani na gaba da shi da zai saurare shi, ya kuma ce masa nan ka yi daidai, nan ka wuce gona da iri. A yammacin Zamfara ba shi da wannan.

Muka nufi Gummi. Daga Daki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu, ƙasa ta fara laushi. Gummi garin fadama ne a gaɓar Gulbin Zamfara, kuma gulbin ya nuna musu halinsa a watan Agustan 2024, har yanzu ana ganin layin ruwa a bangayen da suka tsira. A nan aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a farkon shekarun 1920, ɗan alƙali, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Mutum zai ɗauka a garin da ya fitar da shi hoto ba zai yi kasuwa ba. Sai ga mai tabarma a bakin tasha ya baje kalandun malamai, na ɗariƙa da na Izala kafaɗa da kafaɗa, har da Shehu Tijjani da barewarsa da Sidi Abdulƙadir da zakinsa, waɗanda babu na'urar da ta taɓa ɗaukarsu. Wani ne ya zauna ya ƙirƙiro musu fuska, jama'a suka karɓa suka rataya a ɗaki.

Abin da ya kawo mai zanen Gummi wani dattijon malami ne, abokin karatun baffansa. Muka same shi a zaure, almajirai sun tashi. Saurayin ya durƙusa ya kwance takardunsa. "Allah gafarta malam, na daɗe abin ga na cina. Shin zunubi ni kai?"

Malam ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Ya ce hadisan da suka yi tsanani a kan masu sura ingantattu ne, kada ya yi wasa da su, kuma an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Amma malaman Malikiyya, in ji shi, sun rarrabe. Abin da suka haramta shi ne surar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, kuma cikakkiya. Wadda aka zana a takarda ko bango ba su kai ta ga haramun ba, karhanci suka ce, wadda kuma aka tauye mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ta fi sauƙi. 'Yar tsanar 'yan mata sun yi mata rangwame, don Nana A'isha ta yi wasa da ita. Ya ƙara da cewa akwai malaman da suka fi haka tsanantawa, wanda ya bi su bai yi laifi ba. Sannan ya cire tabarau. "Kai dai mi kaka nuhi da shi? In don a girmama shi na, bari. In don yaro shi yi magana na, je ka yi aikinka."

Na zaci zai fito da murna. Ya fito shiru, har da ɗan haushi. Shekara da shekaru yana jingina ƙeyoyinsa da tsoron malamai, yau an janye masa majinginar.

Masaukinmu gidan wani abokin karatun saurayin ne, kuma labari ya riga mu shiga cikin gida. Da hantsi tsohuwar gidan ta aiko a kira mata yaron nan mai zane. Hoton marigayi mijinta ɗaya ne tal a duniya, na jikin wani tsohon katin zaɓe, ambaliya ta tafi da shi tare da akwatin. So take jikoki su san kamanninsa. Ya ce, "Inna, ban san shi ba. Kuma ni ba ni zana huska."

"Ni na san shi. Zamna."

Ya zauna. Bai taɓa tawada ba, fensir ya ɗauka. Ta fara jero masa: doguwar fuska, goshi ya shiga ciki, ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta, tsagen gado a kumatu, tana ƙirga su da yatsa a nata kumatun. Hula kullum a karkace. Da farko layinsa na rawa, can hannu ya saki. Jikoki suka yi masa rumfa har sai da aka kore su ya samu haske. Da ya gama ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kai takardar kusa da ido, ta janye ta nesa, ta sake matsowa da ita.

"Wanga ai ƙanenai na ka zana. Kuma har yam mutu ba mu ga maciji da shi. Goge hancin ga."

Matan da ke bayan labule suka fashe da dariya. Ya goge hanci ya sake. Ta ce hanci ya yi, amma bakin ya cika fara'a. "Malam bai da dariya haka. Kada ka yi mai ƙarya."

Direban Sakkwato ya aiko yaro cewa saura mutum ɗaya, kuma shi ba ya tashi bayan azahar. Na yi musu sallama. Na bar su a kan gemu: tsohuwa ta ce ya kai ƙirji, 'yarta ta ce bai wuce haɓa ba, shi kuma yana tambayar wa ke da reza ya feƙe fensir.